Ɗakin Waiwaye

Aikina shi ne in kalli jarirai suna waiwaye. In na faɗi haka a cikin mutane sai a kwashe da dariya, a ce ai wannan kowace uwa tana yin sa a tsakar gida. Ni ma sai in taya su, don bayanin yana da tsawo, kuma ba kowa ke da haƙurin jin sa ba.

A jami'ar da nake aiki, can ƙarshen baranda a hawa na biyu, akwai wani ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso mai ruwan toka don kada ƙarar waje ta shiga. Kujera ɗaya ce a tsakiyarsa. Uwa ta zauna, ta ɗora jariri a cinya yana fuskantar gaba, inda hoton wani ƙwallo mai launi ke jujjuyawa a allo don ya riƙe masa ido. Akwai lasifika a hagu, akwai wata a dama. Kwamfuta ta saki muryar wata mata tana cewa "ba, ba, ba" daga gefe ɗaya. Ni kuwa ina ɗakin da ke jikinsa, ina kallon fuskar jaririn ta kyamara, yatsana a kan maɓalli. Ya juya kai, in danna. Shekara shida ke nan ina wannan, na ga ƙeya da kumatun jarirai sun fi ɗari huɗu.

Doka ɗaya ce a ɗakin da ba a wasa da ita. Duk babban da zai shiga gwaji sai ya sa hedifon, irin manyan nan masu rufe kunne ruf, da kiɗa yana tashi a ciki. Mai riƙe da jariri ya sa, ni mai danna maɓalli in sa. Dalili shi ne uwa in ta ji muryar ta fito daga hagu, cinyarta kan motsa ba ta sani ba, jariri kuwa ya bi cinyar. Ni ma in na ji, idona zai ga waiwayen da ba a yi ba. Dakta, shugabar sashenmu, ba ta ɗaga murya a kan komai, amma a kan hedifon na ga ta fitar da ɗalibin babban digiri daga ɗakin kamar ɗan firamare. Dokar ta bi jikina har ta kai ko shara na shiga yi sai hannuna ya kai ga ƙusar da muke rataye su.

Maigidana kafinta ne, kuma Allah ya yi shi da surutu. Kullum na dawo sai ya tare ni da, "To, malama, yau kuma me bincike ya nuna?" Tsokana ce, amma yana son ji. Na gaya masa jariri yana gane muryar uwarsa tun yana ciki, ya ce shi ya sa 'yarsa ta fito da haƙuri, ta saba da faɗa. Na gaya masa ɗan wata shida yana iya bambance sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, kafin ya cika shekara sai kunnensa ya tsaya a kan na gidansu. Na gaya masa an samu wasu jemagu da 'ya'yansu ke gwaranci kafin su iya kukan manya. Wannan ya fi burge shi, ya kai labarin shago, abokan aikinsa suka yi mako suna kiran sa Baban Jemage.

Akwai abu ɗaya da na sani ban taɓa kawo masa gida ba, don ban ga abin dariya a cikinsa ba. Jaririn da ba ya ji, a watannin farko yana kuka, yana dariya, yana 'yan wasanni da murya kamar kowane jariri, shi ya sa iyaye ba sa lura. Sai wajen wata bakwai ko takwas, lokacin da sauran ke fara "bababa" da "dadada", a ga nasa bai zo ba.

'Yarmu, wadda ubanta ke kira Gimbiya har sunan ya bi ta, tana da wata takwas da mako biyu. Tun tana wata biyar yake zaunar da ita a gabansa safe da yamma yana cewa, "Ce Baba. Ba-ba." Ya rantse sai ta riga kiran sa kafin ni. Ita kuwa ta kalli bakinsa ta yi ta ƙyalƙyala dariya. Ba ta ce ba. Na lura, na ce wa kaina yara sun bambanta. Abin da nake gaya wa iyaye a wurin aiki ke nan.

Ranar Asabar da safe kantar tukwane ta ɓalle. Shi ya kafa ta da hannunsa, kuma wata uku ina ce masa tana rawa. Tukwane biyar da murafensu suka zubo ƙasa. Na yi ihu, maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga tana tambayar lafiya. Gimbiya tana zaune a kan bargo a bakin ƙofar kicin, ta ba kantar baya, tana tsotsar cokalin roba. Ko gezau. Sai da wani murfi ya mirgino ya wuce ta gabanta sannan ta bi shi da ido, ta miƙa hannu.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na kaɗa makullai a bayanta. Na kunna ƙarar waya na ɓoye a bayan kujera. Na kira ta a hankali, na kira ta da ƙarfi. Wani lokaci ta juya, wani lokaci ba ta juya ba, kuma duk juyawar da ta yi sai in samo mata wani dalili: labule ya motsa, ko ta ji ƙanshina. Uban ya dawo daga shago ya tarar da ni durƙushe a bayan 'yarsa da murfin tukunya a kowane hannu.

"Maman Gimbiya, lafiya? Makaɗiya kika koma?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce in matsa in ga. Ya tako ya tsaya a bayanta, ya tafa hannu. Ta waiwayo tana washe baki.

"Kin gani? Miskilanci ne kawai, irin na uwarta."

"Ka tsaya tsakaninta da taga, inuwarka ta faɗo a gabanta. Kuma takunka kaɗai ya isa ya girgiza daɓen nan."

"To yanzu in ta juya ba ta ji ba, in ba ta juya ba ma ba ta ji ba? Wane irin bincike ne wannan?"

Na ce masa ya je ya gyara kantar tukwane, tunda nan ma ilminsa bai kai ba. Na san maganar ta yi zafi. Ya ɗauki 'yarsa ya fita baranda, ina jin sa yana mata waƙar da ya ƙirƙira da sunanta. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya fi.

Mai hankali zai ce in kai ta asibiti ranar Litinin. Na sani. Inda na haife ta ba sa gwajin kunnen jarirai, na ce zan kai ta wani wuri, aka yi ta yau da gobe har wata takwas, ni da nake cin abinci da kunnuwan 'ya'yan mutane. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Asibiti in sun faɗa sun faɗa, an rubuta a takarda. Ni so nake in fara sani ni kaɗai, a ɗakin da na fi kowa sani, babu mai kallon fuskata.

Litinin da Talata ɗakin a cike yake. Na danna wa 'ya'yan wasu maɓalli har goma sha ɗaya. Wani ɗan lukuti mai wata bakwai yana juyawa tun matar ba ta rufe baki ba, uwarsa tana ta jin daɗi da muka nuna mata bidiyon. Na yi mata murmushi, a raina kuwa hassada ce tsagwaronta, har na ji kunyar kaina.

Laraba ba mu da kowa, Dakta tana taro a wani ginin. Da azahar ta yi na sauka gidan rainon ma'aikata na ɗauko Gimbiya, na ce musu allura zan kai ta. Na hau ta matakalar baya. Na kunna kwamfuta, na saita ta ta saki muryar da kanta sau goma sha biyu, shida hagu shida dama, na kunna kyamara tana ɗauka tunda babu mai zama a kan maɓalli. Na shiga ɗakin soso, na ja ƙofa, na zaro hedifon daga ƙusa na sa, na zauna da 'yata a cinya.

Minti huɗu ne gwajin. Ban taɓa sanin tsawonsa ba sai ranar. Kiɗa yana dukan kunnena, idona a kan ƙeyarta, a kan 'yan gashin nan da suka nannaɗe a bayan kunnenta. Na daskarar da cinyata kamar yadda nake umartar iyaye. Ta kalli ƙwallo, ta tsotsi yatsa, ta ja igiyar katin aikina. Sau ɗaya ta juya hagu, zuciyata ta yi tsalle.

Na koma wancan ɗakin na duba bidiyon tare da jerin lokutan da kwamfuta ta rubuta ta saki murya. Juyawar nan ɗaya ta faɗo a tsakanin gwaji na bakwai da na takwas, lokacin da babu komai. Sha biyu, babu ko ɗaya. Na sake kallo sau uku, ina mayar da hoton baya kamar wani abu zai canja. Sannan na goge bidiyon, na mayar da ita gidan raino, na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka.

Ban gaya wa maigidana ba. Laraba da yamma ya dawo da kanta sabuwa a kafaɗa, ya kafa ta da kusoshi takwas, ya rataya a jikinta da hannu biyu don in ga ƙarfinta. Na ce ta yi kyau. Alhamis na ƙona abinci, na zuba wa shayi gishiri, na fita da takalmi wari da wari sai a bakin titi na lura. A cikin motar haya ina ta lissafin abin da na karanta: watannin da suka wuce ba tare da ta ji harshe ba, da waɗanda suka rage kafin abin ya ƙara wuya. Duk kalmar da na taɓa gaya mata ta dawo mini. Waƙar wanka, da "sannu 'yar Mama", da faɗan da nake mata in ta cije ni. Wa nake yi wa?

Juma'a da safe ina goge kujerar ɗakin soso sai ga Injiniya, mai kula mana da na'urori, ya shigo rungume da wani baƙin akwati, waya tana jan ƙasa a bayansa. Dattijo ne mai son a yaba masa.

"'Yata, matsa mini in mayar da abin nan. Kwana biyu ina fama da shi, amma ya ji hannu."

"Mene ne?"

"Akwatin da ke tura sauti zuwa lasifika mana. Tun Talata da yamma na ji yana shaƙewa, Laraba da sassafe na cire shi. Ai na bar wa Dakta takarda a teburinta. Na duba jadawali na ga ba ku da yara sai Litinin."

Na dafa kujera. "Baba Injiniya, ranar Laraba da azahar, in an kunna kwamfuta, lasifikar za ta yi magana?"

"Da wane bakin? Kwamfuta dai za ta rubuta ta saki sauti, ita ba ruwanta. Amma ɗakin nan shiru kamar an yi ruwa an ɗauke." Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ai wanda ya shigo zai ji babu komai. Sai dai in kunnensa a toshe yake."

Na fashe da dariya. Na yi ta yi har na zame na zauna a ƙasa, hawaye na zuba, dattijon yana tsaye da akwatinsa yana tambaya ko ya kira wani. Minti huɗu na zauna da 'yata a ɗakin da babu ko tari, na toshe kunnena da kiɗa saboda doka, na fito na yanke mata hukunci. Ba ta juya ba don babu abin juyawa.

Na kira maigidana a waya. Na zayyane masa komai a tsaye a baranda, tun daga matakalar baya har akwatin Injiniya.

"Kwana biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ina gefenki ina kafa kanta?"

"Ka yi haƙuri."

"Zan yi, amma ba yanzu ba. Ina zuwa. A sake gwajin a gabana, in ga ƙarshen binciken nan naki."

Dole na je na sami Dakta. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kin san ɗakin nan ba asibiti ba ne. Ba a gina shi don ya gaya wa uwa ko ɗanta yana ji ba."

"Na sani, Dakta."

"Ko ta juya sau goma sha biyu, Litinin za ki kai ta wurin likitan kunne. Ni zan kira miki shi."

"Na yarda."

Ta mayar da tabaraunta. "Ki bari ni in zauna a kan maɓallin."

Na ce a'a. Ban san inda na samo ƙarfin faɗin haka ba. Ta miƙo mini makulli, ta ce tana ofis.

Maigidana ya iso ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna, garin katako a gashinsa, fensir a maƙale a kunne. Ya biya gidan raino ya ɗauko ta da kansa. Sai raha yake, ya gaisa da Injiniya kamar tsohon aboki, ya ƙwanƙwasa bangon soso ya ce wanda ya yi aikin nan bai iya haɗa kusurwa ba. Ni ma raina ya yi sauƙi, har na tsokane shi na ce ya cire fensirin kafin ya tsokane wa jami'a hedifon. Injiniya ya gwada lasifikar a gabanmu tun kafin a shigo da Gimbiya, hagu da dama, muryar matar ta cika ɗakin tangaran. Na zaunar da maigidana, na gyara masa riƙon, na ce kada ya motsa, kada ya yi magana, ya kalli gaba har sai na buɗe ƙofa. Na sa masa hedifon. Ya ɗaga mini babban yatsa.

Na koma ɗakina na zauna. Na ɗauki nawa hedifon, na kai su har kunne, sai na ajiye su a kan tebur. Na murɗa 'yar lasifikar da ke jiyo mana abin da ke faruwa a ciki. Wannan karon sai na ji da kunnena.

Ƙwallo ya fara juyawa. Gimbiya ta kafa masa ido.

"Ba, ba, ba," in ji matar, daga hagu.

Yatsana yana kan maɓalli. Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗan lukutin nan na ranar Talata a ɗaya yake juyawa.

"Ba, ba, ba," daga dama.

Ta ɗaga ƙafa ta kama babban yatsanta.

A na biyar na yi abin da ban taɓa yi ba, na kai hannu na ƙara ƙarfin sautin. A na takwas na ƙure shi, har Injiniya da ke tsaye a bayana ya ja numfashi, gilashin da ke tsakanin ɗakunan yana ɗan zirr. Ta yi hamma. Ta jingina kanta a ƙirjin ubanta tana kallon ƙwallo. Shi kuwa ya zauna ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton fasfo, kiɗa a kunnensa, yana ta ƙoƙarin danne murmushi. Bai san komai ba. Na ji muryar sau goma sha biyu, ban danna ko sau ɗaya ba.

Allon ya yi baƙi. Injiniya ya fita a hankali ya ja mana ƙofa.

Taku shida ne daga kujerata zuwa ɗakin soso. Na buɗe, na zagaya ta bayansa na cire masa hedifon. Ya ɗago kai yana murmushi.

"An fara ne?"

"An gama."

Ya kalli fuskata, murmushin ya tsaya a inda yake na ɗan lokaci kafin ya sauka. Ya sunkuya daidai bayan kunnenta.

"Gimbiya."

Tana wasa da maɓallin hannun rigarsa.

"Gimbiya!" Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Soson bangon ya shanye ƙarar.

Na durƙusa a gabansu. Na ce Litinin za mu je wurin likita, akwai na'urori, akwai maganar hannu da za mu koya mu uku, wata takwas ba a makara ba. Duk abin da na sani na zuba masa, da muryar da nake yi wa iyayen wasu. Ban ga alamar yana ji ba.

"Waƙar da nake mata fa?" ya ce. "Kullum tana dariya."

"Fuskarka take wa dariya."

Ya goge ido da bayan hannu, garin katako ya manne masa a kumatu. Sannan ya ɗaga ta ya juyo da ita, ya zaunar da ita a gwiwarsa suna fuskantar juna. Ya buɗe baki sosai, a hankali.

"Ba-ba."

Ta kalli leɓensa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta kai hannu ta kama masa baki. Ya bar hannun a wurin, ya sake faɗa.